A Binciki Lafiyar Dattijo Kafin Ya Fara Motsa Jiki

Jawabi ga dattawan Hausawa mazauna Rumuokoro, Fatakwal

Da yawa daga cikin dattawan da ke sana'a a Rumuokoro da sauran unguwannin Fatakwal sukan wuni a zaune a bakin shago, ba su tashi sai lokacin salla. Irin wannan zama yakan jawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin gaɓɓai. Saboda haka ne a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako.

Amma fa jikin da ya daɗe a zaune ba a ɗora masa wahala farat ɗaya, domin zuciyar da ke da ɓoyayyen ciwo tana iya gazawa. Likitoci a Kanada sun tsara tambayoyi 7 da ya kamata mutum ya amsa tukuna. Shin likita ya taɓa ce masa yana da ciwon zuciya? Ƙirjinsa yakan yi ciwo in yana aiki? Ya yi masa ciwo yana zaune cikin watan da ya wuce? Jiri yakan ɗebe shi, ko ya taɓa suma? Yana da ciwon ƙashi ko gaɓa da motsi zai tsananta? Yana shan maganin hawan jini ko na zuciya? Ya san wani dalili dabam da zai hana shi?

Wanda ya amsa i ga ko da guda ɗaya, lalle ya ga likita kafin ya fara. Haka kuma wanda ya kai shekara 70 kuma bai saba da motsa jiki ba. A can za a auna jininsa. In ya kai 140 bisa 90, ana bukatar a sake dubawa. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama, don haka jin ƙarfin jiki ba hujja ba ne.

Wanda aka samu lafiya lau ya fara da tafiyar minti 10 bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. In ya ji ƙirjinsa ya riƙe, ko numfashi ya gagara, ya tsaya nan take a kai shi asibiti. Ana roƙon 'ya'ya da jikoki su raka iyayensu wurin awo.