Da Kalmomin Wa Za A Auna Halin Gumel?

Shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarauta, 'yan'uwana malamai, ɗalibai, jama'ar Ɗanzomo da waɗanda suka taso daga Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina gaishe ku. Lokacin da aka ba ni ba yawa, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Na daɗe ina jayayya da abokan aikina masu koyar da kasuwanci, da kuma jami'an da ke rubuta ƙasidun tallata jiha, a kan abu guda: da waɗanne kalmomi za a auna yadda baƙo yake kallon garuruwanmu? Su sun ce an riga an gama wannan aiki a ƙasar waje, namu fassarawa ne kawai. Ni na ce ba a ma fara ba.

Masana talla sun ce kowace haja tana da hali a idon mai saye kamar yadda mutum yake da hali, gari ma haka. Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Kano Tumbin Giwa ce, Katsina Ɗakin Kara, mu kuma Lautai. Abin da ya zo sabo shi ne aunawa. Ana tattara abin da aka rubuta a kan wuri, a ba kwamfuta jerin kalmomi da aka kasa rukuni-rukuni, ta bi rubutun tana ƙirgawa. Rukunin da kalmominsa suka fi fitowa, shi ne za a ce halin wurin. Kun ga ke nan sakamakon duk yana hannun wanda ya tsara jerin. Abin da bai sa ba, kwamfuta ba za ta taɓa gani ba.

Uwar waɗannan jeri ita ce binciken Jennifer Aaker na 1997. Ta fara da siffofi 309, ta tace zuwa 114, ta ba Amurkawa 631 suka auna kayayyaki 37 da su, daga ƙarshe ta tsaya a kan siffofi 42 cikin rukuni biyar: gaskiya, armashi, ƙwarewa, gayu, da tauri irin na mutumin daji. A rukuni na ƙarshe har akwai siffar yammacin Amurka, wato ƙasar kaboyi, irin hoton da ake tallar sigarin Marlboro da shi. Aiki ne mai kyau a inda aka yi shi. A 2007 Leyland Pitt da Robert Opoku da abokan aikinsu suka ɗauki siffofin nan 42, suka nemo musu takwarori daga ƙamusun Britannica har jerin ya kai kalmomi wajen ɗari tara, suka auna shafukan yawon buɗe ido na ƙasashen Afirka 10, ciki har da Ghana da Kenya da Afirka ta Kudu. Nijeriya ba ta ciki. Kuma abin da suka auna shi ne abin da gwamnatoci ke faɗa a kan kansu da Turanci, ba abin da baƙo ya faɗa bayan ya koma gida ba. Wannan jerin ne nake gani yana yawo a cikin kundayen ɗalibanmu, an fassara shi kalma-kalma, an raba takardun tambaya, an kawo sakamako cewa gari kaza yana da gayu kashi kaza.

Ita kanta mai ma'aunin ba ta yi wannan gangancin ba. A 2001 ita da abokan aikinta biyu suka sake binciken tun daga tushe a Japan da Sifaniya. A Japan rukunin tauri ya ɓace, natsuwa ta maye gurbinsa. A Sifaniya ƙwarewa da tauri duk ba su tsaya ba, aka sami natsuwa da zafin shauƙi. A 2006 Yuksel Ekinci da Sameer Hosany suka gwada shi a kan wuraren yawon buɗe ido da matafiya 'yan Birtaniya, rukuni uku kawai suka fito, ɗaya daga ciki sabo ne, wanda mu za mu kira haba-haba da baƙo. Idan mudun Amurka bai auna hatsin Japan daidai ba, wane dalili ne zai sa ya auna na Maigatari?

To daga ina za mu fara? Ba daga sifiri ba. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Adamawa, ya koyar a Zariya, daga baya ya koma Oxford, ya gabatar da lacca a Jami'ar Indiana da aka buga a 1974 a kan wane ne mutumin kirki a wurin Bahaushe. Ya kawo siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Ba shi ya ƙirƙire su ba, daga bakin iyayenmu da karin maganarmu ya tsinto su. Ku ɗora goman nan kusa da biyar ɗin Aaker. Gaskiya ce kaɗai ta hau sosai. Hikima da hankali za a iya matsa su a ƙarƙashin ƙwarewa da ƙyar. Sauran fa? Ina za a sa mutunci? Ina za a sa kunya, wadda in aka juya ta Turanci sai ta koma tawaya, alhali mu in muka ce mutanen gari kaza suna da kunya, yabo ne mafi girma?

Mu je Maigatari ranar Alhamis mu gwada. Falke ya taso daga Damagaram ko Magarya ko Dungas da raƙuma da shanu, wani kuma ya taso daga kudu da kuɗi a jiki zai loda tirela. Dukansu baƙi ne. Wanda ya iso tun ranar Laraba fatoma zai nema, shi zai ba shi wurin kwana, ya sa a kai masa tuwo, ya ajiye masa kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya shaida cewa dabbar da zai saya ba ta sata ba ce. Miliyoyi suna sauya hannu a cikin kara ba tare da an sa hannu a takarda ba, sai musafaha da la'ada. In ciniki ya ɓaci bayan kwana biyu, fatoman nan za a nema, kuma za a same shi. Yanzu ku bi wannan baƙo har gida, ku ji abin da zai gaya wa ɗan'uwansa da ke shawarar zuwa. Ba zai ce masa Maigatari akwai gayu ba. Zai ce mutanen nan akwai amana. Zai ce ba sa wulaƙanta baƙo. Ko kuma, in an ɓata masa, ya ce an ci mutuncinsa a shingen hanya, an cuce shi a canjin sefa. Da waɗannan kalmomi ake yanke shawarar zuwa ko fasawa, kuma su ne jarin garin. Jerin da babu amana da karamci da mutunci a matsayin rukunai masu cin gashin kansu ba ya auna mu, ko da kalma dubu ce a cikinsa.

Ku lura da abu na biyu da wannan baƙo ya nuna mana. Yana yabo, yana kuma kushe. Siffofi 42 ɗin nan kusan dukansu na yabo ne, domin don masu talla aka yi su. Mu kuwa abin da ya fi mana amfani shi ne mu san inda muke kasawa. Dole jerinmu ya ɗauki cuta, ha'inci, rowa, wulaƙanci, tsada, ƙazanta, rashin ruwa, rashin makewayi. An rufe iyakarmu da Nijar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. Kowa a ɗakin nan ya san yadda kasuwa ta kwanta. Da muna da ma'auni namu tun kafin nan, da yau za mu iya nuna wa hukuma da alƙaluma yadda bakin fatake ya sauya a kanmu, da kuma ko ya dawo.

Za a ce mini fatake ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Hukumar yawon buɗe ido ta Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta ce haka ba. A ma'anarta, wanda ya bar inda ya saba zama ya kwana a wani wuri, ko don kasuwanci ko don ziyarar dangi, yana cikin lissafi matuƙar bai kai shekara ba kuma ba aikin albashi ya je yi ba. Su ne baƙinmu, su da 'ya'yanmu da ke dawowa daga Kano da Kaduna da Abuja don hawan sallah a Gumel. Tun da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya bi ta Gumel a watan Maris 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, abin da ya ja hankalinsa cinikin kanwa ne. Kasuwa ce ke kawo mana mutane tun zamanin Sarki Ɗan Tanoma. Mu daina rubuta ƙasida don Baturen da ba ya hanya, muna ƙyale wanda ke kwana a zaurenmu kowane mako.

Sai matsalar rubutu, wadda masu fassara ba sa ko waiwayarta. Yawancin masu rubutu a Facebook da WhatsApp ba sa sa ƙugiya. Mutum ya rubuta baki. Baki na magana yake nufi, ko baƙin launi, ko baƙin da suka zo? A binciken yawon buɗe ido babu kalmar da ta fi wannan muhimmanci, ga ta kuma fuska uku. Ɗan Nijar da ya yi makarantar Faransanci zai rubuta kassoua, kwamfutar da aka koya wa kasuwa ta wuce shi ba ta gani ba. Wani ya rubuta cewa hawan bana ba dama, ko ba a magana, na'ura ta ga ba ta ɗauka korewa ce, ta juya yabo ya koma suka. Mafi muni, a cikin kara in mai saye ya yi tayi mai dabba ya ce albarka, cewa ya yi bai sayar ba. Jerin da aka fassara zai ƙirga wannan a matsayin kalmar farin ciki. Saboda haka namu jerin ba na kalmomi ɗai-ɗai kaɗai zai zama ba, dole ya ƙunshi maganganu sukutum, da kowace irin hanya da ake rubuta su.

Wasu abokaina sun ce zamanin jerin kalmomi ya wuce, manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira za su karanta komai. Da wace Hausa aka shayar da su? Kuma in sun ba da hukunci, wa zai iya buɗe cikinsu ya ga dalili? Jerin kalmomi kuwa hakimi zai iya karantawa, sarkin kara zai iya cewa wannan ba haka muke nufi da ita ba, a gyara. Wasu kuma sun ce in kowa ya yi nasa ma'auni ba za a iya kwatanta mu da wasu ƙasashe ba. Kwatancin da aka gina a kan awon da ba daidai ba, ba ni da bukatarsa.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa, wasunsu daga Jami'ar Bayero, suka fitar da NaijaSenti, inda mutane suka bi saƙonnin Twitter wajen 30,000 a kowane harshe, Hausa da Yarabanci da Ibo, da ƙasa da haka na Turancin buroka, suna tantance na yabo da na suka da hannu. 'Ya'yanmu ne suka yi, duniya kuma tana amfani da shi. Muna da ƙamusun Bargery na 1934, muna da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne ƙafa da kunne.

Ga abin da nake nema, kuma ba yau na fara nema ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel ta ɗauki wannan a matsayin aikinta, domin ita ce a bakin kasuwar, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse su taimaka da ɓangaren kwamfuta. Baƙinmu sun fi magana a kan rubutu, don haka ɗaliban sashen Hausa su shiga Maigatari da na'urar ɗaukar murya, da izinin mai magana, ba tare da rubuta sunansa ba, su yi shekara cur suna yi don a kama kaka da rani da cinikin ragunan layya. A yi tambaya ɗaya mai sauƙi: in za ka ba ɗan'uwanka labarin garin nan, me za ka ce? Wanda ya fi sakewa da Fulatanci ko Manganci a bar shi ya amsa da harshensa. A rubuta amsoshin da ƙugiyarsu. Sannan wajen kasa kalmomi rukuni-rukuni kada malamai su kulle ƙofa su kaɗai. A zaunar da fatoma da dillali da direba da matan da ke sayar da abinci a tasha, domin su suka san nauyin kowace kalma. Siffofi goma na mutumin kirki su zama mafari, in bayanai sun ƙara wani rukuni a karɓa, in sun soke wani a haƙura. In an gama a saki jerin kyauta, Haɗejiya da Kazaure da Damagaram su ɗauka su gyara daidai da nasu.

Jami'an da ke tare da mu, roƙona gare ku shi ne kada a sake buga ƙasidar tallata wannan masarauta da kalmomin da aka kwafo daga ta wata jiha. Kuɗin bugu ɗaya ya isa ya ɗauki nauyin ɗaliban da za su yi wannan aiki. Iyayenmu sarakuna, ku ba su izini da ɗan rakiya zuwa wurin sarkin kasuwa. Ku kuma ɗalibai, wanda yake neman batun kundinsa na kammala karatu ya same ni bayan an tashi, mu tsara fita ta farko.