Amsar Takarda Daga Randagi: Warin Ɗaki da Tarin Yara a Damina

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Randagi, ƙasar Birnin Gwari. Bayan gaisuwa, ya ce duk shekara da ruwa ya zauna, sai ɗakinsa ya riƙa wari, gindin bango ya yi baƙi, 'ya'yansa su yi ta tari da dare, ƙaramin har ƙirjinsa yana kuka. Ya sayi maganin tari har ya gaji. Yana tambaya, sanyin damina ne kawai, ko akwai wani abu?

To Malam, mun gode da takardarka. Ruwa dai ba ya tsami banza. Muddin yaran suna kwana cikin iskar da ke sa su tarin, maganin kwalba ba zai raba su da shi ba.

Ƙasarku ta daji ce, ga gandun Kamuku a yankinku, ruwa kuwa tun wajen Mayu har Oktoba. In marka ta kankama a Agusta, bangon ƙasa sai ya sha ruwa ya ƙi bushewa. Baƙin nan da ka gani fumfuna ce. Tana sakin wata ƙura da ido ba ya gani, wadda kan tayar da tari, ta tsananta asma. Mun kuma san shekarun rashin tsaro sun koya wa mutane da dama toshe taga da kwana da hatsi a ɗaki. Ba mu ga laifin kowa ba, amma ɗaki ma yana son ya sha iska.

Na farko, ka tare ruwan daga waje. Ka duba inda rufi ke yoyo, ka gyara indararo ya riƙa zuba nesa da bango, ka haƙa ɗan lambatu, ka tara ƙasa a gindin gini yadda ruwa zai gangara. Wurin da ya yi baƙi a kankare shi, yara na waje, kai kuma ka ɗaure hancinka da ƙyalle. Sai ya bushe sarai kafin a sake yaɓe.

Na biyu, iska tana son mashiga da mafita. In taga ɗaya ce, ka huda ƙaramar kafa can sama a bangon da ke kallonta, ka sa waya. Ɓarawo ba ya shiga ta nan, sauro ma haka. Duk ranar da rana ta fito a buɗe ƙofa da taga, a fid da katifa da tabarma su sha rana. Jiƙaƙƙen kaya kada a shanya su inda ake kwana.

Na uku, hatsi. Sabuwar masara da ba ta gama bushewa ba tana cika ɗaki da damshi, ita ma ta yi fumfuna. Wannan ba wasa ba ne: a Kenya, cikin 2004, mutum 125 suka rasu saboda gubar fumfunar masara. Ka ciji ƙwaya. In ba ta fashe ƙas ba, a mayar da ita shanya. Buhu a ɗora shi kan katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Ƙwayar maganin nan da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwari kuwa, iskarta tana kashe mutum. Kada a kuskura a kwana ɗaki ɗaya da ita. Buhun PICS mai ninki uku yana kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Na huɗu, hayaƙi. In ana ruwa, uwargida takan shigo da murhu ciki, ga itace jiƙaƙƙe, ga goyo a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2. Ka kafa mata rumfar girki, ka tanadi busasshen itace tun da rani. Kaskon gawayi da janareto suna fid da iska marar wari mai kashe mutum cikin barci. Kasko kada ya kwana a rufaffen ɗaki, janareto kuma ya tsaya waje, nesa da taga. Maimakon fiya-fiya da maganin sauro na kunnawa, a shiga gidan sauro.

Amma Malam, in yaro yana numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, kada a jira gari ya waye, a kai shi asibiti. Tarin da ya wuce mako biyu kuma a je a gwada, don ana ba da maganin tarin fuka kyauta a asibitocin gwamnati.

Ka sake rubuto mana bayan kaka mu ji yadda yaran suka ƙara. Allah Ya ba su lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa, a huta lafiya.