Farfaɗiya Ciwon Ƙwaƙwalwa Ce

Yau maganarmu a kan farfaɗiya take. Kowa ya san gidan da ake ɓoye yaro saboda ita. An hana shi lakwal, an ware masa kwano, ana cewa iska ce, ko kuwa yawunsa yana harbi. To, ku saurara ku ji abin da yake faruwa cikin kansa.

Ƙwaƙwalwa an gina ta da ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Iri biyu ne. Na farko su ne masu kai saƙo, wajen miliyan dubu 86 a kan mutum guda. Da su kake gani, da su kake ɗaga hannu, da su kake karanta wannan takarda. In ɗaya za ta yi wa maƙwabciyarta magana, sai ta fesa mata wani ɗan ruwa. Maƙwabciyar tana da wurin karɓa a jikinta, kamar kunne. Kowane ruwa da kunnen da yake jin sa. Wani ruwan, mai suna gulutamat, cewa yake: tashi! Wani kuma cewa yake: kwanta!

Iri na biyu sunansu giliya. Yawansu kusan ɗaya ne da na farko. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, shi ya sa musu wannan suna a 1856, ma'anarsa danƙo. A ganinsa laka ce kurum wadda take riƙe tubali. Shekara fiye da ɗari ana yi musu wannan raini. Sai a 1984 masu bincike a Jamus da Amurka suka gwada su a ƙwaƙwalwar ɓera, suka ga ashe su ma suna da kunne. Suna jin saƙon tashi, suna jin na kwanta.

Me ya sa suke saurare? Don su san inda ake bukatarsu. Suna kai wa masu saƙo abinci daga jini. Kuma da zarar saƙo ya isa, sai su kwashe ragowar ruwan, wuri ya yi tsaf. Ku duba rariyar gida da damina. In a buɗe take, ruwa ya wuce. In ta toshe, sai ya taru ya ci gindin katanga. Haka nan in ruwan tashi ya taru ba a kwashe ba, sai ƙwayoyi dubbai su tashi gaba ɗaya, babu mai sauraren wata. Nan ne mutum zai faɗi, jiki ya sandare, ya yi ta jijjiga, baki yana kumfa.

Sau da yawa mafarin abin rauni ne. Sanƙarau yana barin tabo a ƙwaƙwalwa, kuma mun san ɓarnar da ya yi a Nijar a 1995 da 2015. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai yana yin haka. Doguwar naƙuda ma haka, da buguwar kai a hatsarin kabu-kabu. Giliya su ne suke haɗa wannan tabo, kuma a wurin tabon ba su cika iya shara kamar da ba. Wani kuwa gado ne, wani ba a gano dalilinsa.

Kun ga ke nan ciwon a cikin kai yake. Babu shi a yawu, babu shi a kwano. Saboda haka in mutum ya faɗi, kada ku gudu. Ku janye shi daga murhu ko bakin rijiya, don wuta da ruwa suna yawan halaka masu wannan ciwo. Ku kwantar da shi a gefe guda, ku sa zane ƙarƙashin kansa. Kada ku sa masa cokali a baki, kada ku ɗura masa kome, kada ku danne shi. In jijjigar ta wuce minti 5, a ɗauke shi sai gidan likita.

Akwai magani. Tun 1912 ake ba da fenobarbital, wanda kuka fi sani da Gardenal. Aikinsa shi ne ƙara wa saƙon kwanta ƙarfi a kunnen ƙwayoyi. Akwai wasu kuma bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mutum 10 masu farfaɗiya, har 7 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Amma fa sai an sha kullum. Babban kuskure shi ne a ga sauƙi wata biyu a ajiye. Wanda ya yanke maganin farat ɗaya, ciwon kan dawo masa da ƙarfi fiye da da. Kada ku saya a tire a kasuwa. Ku fara da gidan likita na kusa da ku, su za su tura ku asibitin Agye, ko na Gidan Rumji, ko Maraɗi in da bukata. Mace mai ciki ta faɗa wa likita tun kafin a rubuta mata.

Yanzu kowa ya ɗauki alli. Ku rubuta sunan mai shan maganin, da ranakun mako bakwai a ƙarƙashinsa. Duk ranar da ya sha, a ja layi. Ranar da ya faɗi, a yi da'ira. Wannan takarda za ku kai wa likita ran komawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.