Karkarwar Sauti da Siyasar Ɗaukar Mabusa

A gidajen kiɗan gargajiyar Turai akwai tsohuwar gardama a kan abin busa da ake kira kilarinet. Mai goge da mai sarewa suna sa sautinsu ya riƙa ɗan karkarwa, ba wanda ke ɗaga musu gira. Amma mai kilarinet, musamman a Jamus, ana so ya busa sauti miƙaƙƙe sumul.

Reginald Kell na Ingila ya ƙi bin wannan ƙa'ida, ya sa busarsa tana karkarwa kamar muryar mawaƙi, har Benny Goodman, gwanin jaz na Amurka, ya je ɗaukar darasi a wurinsa. Duk da haka, malamai da yawa na gargaɗin ɗalibansu su ɓoye karkarwar ranar gwajin neman aiki, don kada alƙalai su watsar da su tun a zagayen farko.

To, ko an sa labule tsakanin alƙalai da mai gwaji, kamar yadda ƙungiyar makaɗan Boston ta fara a 1952, labule fuska yake ɓoyewa, kunnen alƙali kuwa yana nan da son zuciyarsa. Ku tuna mai kilarinet Sabine Meyer: Karajan, jagoran ƙungiyar makaɗan Berlin, ya so ta a ƙungiyar, 'yan ƙungiya suka ƙi ta da ƙuri'a 73 da 4, wai sautinta bai dace da nasu ba. Bayan ta ɗan yi aiki da su, ta bar su a 1984, ta zama shahararriya a duniya.

Alƙalan gwaji, ku auna gwaninta, ku bar mabushi da muryarsa.