Jawabin yaye ɗaliban nazarin kifi da ruwa, Nasarawa, Birnin Kebbi

  

'Ya'yana ɗalibai, wasunku daga nan sai digiri na biyu, don haka ga aikin da nake so ku ɗauka.

Giwan ruwan da masunta ke rungumowa daga kogin Matan Fada, a bikin da Argungu ke yi tun 1934, daga ƙwai ya faro, ƙwan da bai kai ƙwayar gero ba. In ya ƙyanƙyashe, abincinsa ƙananan halittun nan ne masu yawo a ruwa, waɗanda masana ke kira filankton, ido bai ganin yawancinsu sai da na'ura. A wannan matakin ne man da ya malala a ruwa ya fi yi wa kifi ɓarna. Babban kifi kan iya kauce wa gurɓataccen wuri, ɗan ƙyanƙyasa kuwa sai inda ruwa ya kai shi.

A 1989 jirgin Exxon Valdez ya zubar da ɗanyen mai a gaɓar Alaska. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mai ɗan kaɗan yakan lalata zuciyar kifi tun yana cikin ƙwai. A gida kuma, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran ƙasar Ogoni da mai ya gurɓata zai iya cin shekara 25 zuwa 30.

Wani zai ce mu ina ruwanmu, tunda ba rijiyar mai a Gulbin Rima. To ku sauka fadama da rani. Ku duba injin ban ruwan manomin shinkafa, ƙarƙashinsa ya yi baƙi ƙirin, ga ƙyallin mai kwance a kan ruwan. Ku ƙara da baƙin man da makanikai ke tuttulawa a kwata, ruwan farko ya kwashe shi zuwa gulbi, daidai lokacin da tarwaɗa ke zuba ƙwai. Ba na ɗora wa manomi laifi, abinci yake nema. Awon man da ke cikin ruwan muke so daga gare ku, da kwalba da alƙalami.

Kuma kafin ku ɗebi ruwan ko'ina, ku je ku gai da Sarkin Ruwa, ku zauna da Sarkawa masunta. Sun san inda kifi ke haihuwa, ku ba ku sani ba tukuna.

Da izinin shugabanni, na yaye ku. Allah Ya yi muku albarka, Ya mai da kowa gida lafiya.