Horon Kare Tun Yana Kwikwiyo

Jama'a, mu mutanen Batsari da Safana mun san amfanin kare. Shi ke gadin gida da dare, shi ke bin mafarauci Dajin Rugu. Amma kare marar horo fitina ne. Ya kashe kazar maƙwabci, sai shari'a gaban mai unguwa.

To, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin kwikwiyo ya cika wata 3, mu saba masa da kaji da awaki da yara. Kowane umurni kalma ɗaya: zo, zauna, bari. In ya bi, mu ba shi loma nan take. Duka tsoro yake sa masa, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo.

Da ya cika wata 3, mu kai shi wurin malamin dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka, a maimaita kowace shekara. Wanda kare ya ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi asibiti ran nan. In haukan ya bayyana, ba magani. Allah ya kiyaye.