Allurar PRP Da Gyaran Guringuntsin Gwiwa: Ina Aka Kwana?



Da wuya a sami gida a cikinmu da babu dattijo ko dattijuwa mai fama da ciwon gwiwa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi, miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa. Ga shi kuma ana tallata wa masu wannan ciwo wata allura mai suna PRP, wadda ake haɗawa daga jinin majinyacin kansa. Ya kamata mu san abin da take yi kafin mu kwance bakin lalita.

Guringuntsi shi ne shimfiɗar nan mai santsi da ta lulluɓe bakin ƙashi a gaɓa, kaurinsa galibi milimita 2 zuwa 4. Babu jijiyar jini a cikinsa, ƙwayoyin halittar da ke gina shi kuma 'yan kaɗan ne. Shi ya sa fata kan warke cikin kwanaki, amma guringuntsi in ya zaizaye da wuya ya dawo. Likitan nan na Birtaniya, William Hunter, ya lura da haka tun a 1743.

Yadda ake haɗa allurar shi ne, a ɗebi jini kaɗan daga hannu, a sa shi a na'ura mai juyawa da ƙarfi har ya rabu, kamar yadda ake kaɗa nono mai ya taso. Sai a kwashe ruwan jinin da filatilet suka taru a ciki, wato ƙwayoyin nan masu tsayar da jini idan mutum ya yanke. Yawansu a nan yakan ninka na jini sau 3 zuwa 5, kuma suna ɗauke da sinadaran da ke umartar jiki ya fara gyaran rauni.

A ɗakin bincike, idan aka zuba wannan ruwa a kan ƙwayoyin guringuntsi, sukan hayayyafa, su ƙara samar da kolajin da sauran kayan ginin guringuntsi, kumburin da ke cinye su kuma ya lafa. Haka nan ƙwayoyin tushe, waɗanda ake samu a ɓargo da kitse, masu iya rikiɗa su zama ƙashi ko guringuntsi, ruwan yakan jawo su, ya kuma ƙara yawansu. Sai dai abin da jiki kan cike gurbin rauni da shi sau da yawa guringuntsi ne mai kama da tabo, wanda bai kai na asali ƙarko ba.

To amma fa jama'a, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A 2021 mujallar likitoci ta JAMA ta buga wani bincike da aka yi a Ostireliya kan mutum 288 masu ciwon gwiwa. An yi wa rabinsu allurar PRP, rabi kuma ruwan gishiri. Bayan wata 12 ba a ga wani bambancin a-zo-a-gani ba, ko a raɗaɗi ko a yawan guringuntsi. Tun a 2019 ƙungiyar likitocin amosani ta Amurka ta ba da shawarar kada a yi amfani da ita ga gwiwa da ƙugu, domin kowa da irin haɗinsa. Wasu bincike dai sun nuna tana rage raɗaɗi na wasu watanni, musamman ga wanda ciwonsa bai yi nisa ba.

Don haka kiranmu shi ne, kada kowa ya sayar da gona ko dabba saboda an yi masa alƙawarin sabon guringuntsi. Wanda ke son gwadawa ya fara ganin likitan ƙashi, a ɗauki hoton gwiwar, ya tambayi allura nawa za a yi, nawa ne kuɗin, kuma me zai sa rai da shi. Kada mu raina abin da ke hannunmu: motsa jiki, ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba. Kowane kilo ɗaya da mai ƙiba ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kimanin kilo 4 a kowane taku.